Yadda ake biya a karanta jaridar ranar a waya, ko kana Garwa ko kana Kusseri

Mu da muka taso a Garwa mun saba karanta jaridar Litinin ranar Talata, wani lokaci ma sai Laraba. A Yawunde ko Duwala ake buga ta. In ba ta dace da jirgin sama ba, sai ta kwana a jirgin ƙasa, kilomita 622 har Ngaundere, daga nan mota ta gangaro da ita. Mutanen Marwa su ƙara jira, na Kusseri kuwa sai haƙuri. Ni sana'ata shirya wa ƙananan 'yan kwangila takardun neman aiki, don haka jinkirin kwana biyu ba ƙaramar asara ba ce a wurina. Sanarwar da aka yanka wa wa'adi, in ta iso ka a makare, wasu sun riga ka haɗa takardu. Abin da ya tura ni karatun jarida a waya ke nan. Tun ina lalube har hannuna ya faɗa, yanzu malaman makaranta da 'yan fansho da abokan mahaifina kan miƙo mini waya su ce in saka musu. Abin da nake yi musu shi zan zayyana a nan daki-daki.

Da farko a san abin da ake saye. Labaran da jarida ke sakawa kyauta a shafinta na intanet ko a Facebook tsakure ne. Abin da ake biya shi ne bugun ranar ɗungurungum, shafi bayan shafi, kamar yadda ya fito daga injin ɗab'i: da labarai, da dokokin da aka sa wa hannu, da naɗe-naɗe, da tallace-tallace, da sanarwar kwangila, da ta jarrabawar ɗaukar aiki. Manhaja ita ce rumfar mai jarida, ta dawo cikin wayarka.

Kayan da za ka tanada

Waya mai Android ko iPhone. Ba sai mai tsada ba, Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu duk suna yi. Abin dubawa shi ne fili a cikinta. In wayarka kullum tana kukan ta cika, fara share bidiyoyin WhatsApp har ka samu sarari kamar giga 1.

Layin da ke da asusun kuɗi, MTN MoMo ko Orange Money, wanda aka yi wa rajista da katin ɗan ƙasarka kai kanka. In ka yi da layin ƙaninka, duk ranar da matsala ta taso sai ka nemo shi.

Adireshin imel da ka san kalmar sirrinsa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ranar da na zauna saka wa baffana, tsohon malamin firamare, na ce, "Baffa, kalmar sirrin imel ɗinku fa?" Ya zare tabarau ya dube ni, ya ce, "Wace kalma kuma, ɗana? Yaron shagon da ya sayar mini da wayar shi ya yi komai." Yaron kuwa ya daɗe da barin gari. Sai da muka buɗe sabon imel, muka rubuta kalmar a bangon littafin da yake lissafin fanshonsa. In halin da kake ciki ke nan, buɗe sabo tun yanzu, minti biyar ne, kuma ka haɗa shi da lambar wayarka don ka iya dawo da shi in ka manta.

Data, ko wurin da kake samun Wi-Fi. Sai caji, musamman da bazara, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, ɗauke wuta ya yi yawa. Ƙaramin batirin ajiya na aljihu ya wadatar. Daga ƙarshe, biro da ɗan littafi. Za ka ga amfaninsu.

1. Tsai da jaridar da kake so kafin ka nemi manhaja

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara da manhaja. Ya ga an ce akwai dubban jaridu a ciki, ya biya, sannan ya tarar wadda yake nema ba ta nan. Fara da tambayar kanka me kake buɗe jarida ka nema.

In dokoki ne da naɗe-naɗe da sanarwar gwamnati, Cameroon Tribune ce taka. Jaridar gwamnati ce, ta fara fita a 1974, kamfanin SOPECAM ke buga ta da Faransanci da Ingilishi, Litinin zuwa Juma'a. In labarin yankinmu kake so, abin da ke faruwa a Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, L'Œil du Sahel ta Guibaï Gatama ta daɗe tana mai da hankali a kanmu. In kana son jin muryar da ba ta gwamnati ba, akwai Le Messager wadda marigayi Pius Njawé ya kafa a 1979, akwai Mutations, da Le Jour, da La Nouvelle Expression, da The Guardian Post ga mai jin Ingilishi. Mai bin siyasar nahiyar gaba ɗaya kan nemi Jeune Afrique.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai ta jarida guda, kuɗinka na wannan jaridar ne kaɗai. Akwai kuma ta taron jaridu, kamar Ekiosque mai sayar da jaridun Kamaru, ko YouScribe, ko Cafeyn ta Faransa, ko PressReader ta Kanada mai ɗauke da jaridu da mujallu sama da 7,000 daga sassan duniya. Shawarata ga mai farawa: in jarida ɗaya ko biyu na gida kake karantawa, nemi inda ake sayar da su, ka ƙyale manyan rumfunan waje. Mutum ba ya cin tuwo da yawan kwanukan da ke gabansa.

Ka yi lissafi kuma. A ce jaridar kullum ta takarda sefa 400 ce. Mai sayen ta kowace ranar aiki, kwana 22 a wata, ya kashe sefa 8,800. Da wannan ma'aunin za ka auna farashin da manhaja ta nuna maka. Amma in a gaskiya sau biyu a mako kake karatu, kada ka ɗauki na wata. Manhajoji da dama na sayar da bugu ɗaiɗai, kuma shi ya fi maka sauƙi.

2. Sauko da manhajar daga inda ya dace

Play Store ga mai Android, App Store ga mai iPhone. Hanya mafi aminci ita ce ka shiga shafin jaridar na intanet, ko ka duba cikin bugun takarda, ka ga sunan manhajar da ita kanta ta ambata, sannan ka nemo ta. Kafin ka danna Installer, dubi sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar, ka dubi ranar da aka sabunta ta ta ƙarshe, ka karanta ra'ayoyin mutane na baya-bayan nan. Manhajar da ta shekara biyu ba a taɓa ta ba, wataƙila masu ita sun watsar da ita.

Kada ka karɓi manhaja ta Xender ko ta wani saƙon WhatsApp da aka ce "an buɗe ta, kyauta ce". Wayar da asusun kuɗinka ke ciki ba wurin gwaji ba ce. Haka kuma, manhajar karanta jarida ba ruwanta da lambobin mutanenka ko saƙonninka. In ta nemi izinin ganin su, ka hana.

In wayarka tsohuwa ce, manhajar ta ƙi hawa, ba a rasa hanya ba. Yawancin masu sayar da jaridun nan suna da shafin intanet da za ka shiga ta Chrome, ka biya, ka karanta a can.

3. Buɗe asusu

Nemi S'inscrire ko Créer un compte. Sa imel ɗinka da lambar waya, ka zaɓi kalmar sirri. Kada ka sa lambar sirrin MoMo ɗinka a matsayin kalmar sirri, ko kusa. Za a turo maka saƙon tabbatarwa ta imel ko ta SMS. In bai zo ba, leƙa akwatin Spam.

Abu ɗaya ka riƙe: ta ƙofar da ka shiga, ta nan za ka riƙa shiga. In ka yi rajista da imel, gobe kada ka danna "shiga da Google" da wani adireshi dabam. Manhajar za ta ɗauke ka baƙo, ta ce ba ka biya ba. Rubuta a littafinka: sunan manhaja, imel ɗin da ka sa, da kalmar sirri.

4. Leƙa rumfar kafin ka zaro kuɗi

Kusan ko'ina ana barin ka ga shafin farko kyauta. Nemo jaridarka ka dubi kwanan watan bugu na ƙarshe. Na yau ne? In ka ga na makon jiya ne a sama, jaridar ba ta turo musu a kan kari, kuɗinka zai tafi a banza. Ni nakan yi kwana uku ina leƙawa da sassafe kafin in biya, don in san ƙarfe nawa bugu ke hawa. In akwai bugu na gwaji kyauta, buɗe shi ka ja hoton shafin ya girma, ka ga ko ƙananan rubutu na fita tas. Wasu jaridun kan turo shafuka masu hazo, sanarwa mai ƙananan lambobi ba ta karantuwa.

5. Biya

A nan za mu ɗan zauna, don a nan kuɗi ke salwanta. Hanyoyi uku ne.

Ta farko, ta MoMo ko Orange Money, ita ce ta fi dacewa da mu, kuma manhajojin gida da ita suka fi aiki. Ka zaɓi abin da kake so, bugu ɗaya, ko mako, ko wata. Ka sa lambarka. Saƙo zai fito a fuskar waya yana neman ka tabbatar. Kafin ka sa lambar sirri, karanta abu biyu: adadin kuɗin, da sunan wanda zai karɓa. In saƙon bai fito ba, danna *126# a MTN ko #150# a Orange, ka bi umarnin da shafin biyan ya nuna maka don amincewa. Kada ka rufe manhajar sai ta nuna an karɓa. Ka bar 'yan canji a kan farashin, don wani lokaci akwai ɗan kuɗin aiki, in babu shi biyan zai ƙi shiga.

In ka danna, abu ya tsaya yana juyawa, kada ka sake dannawa. Na taɓa biya sau biyu ta haka a wata manhaja, ranar da rezo, wato sabis ɗin waya, ke rawa, sai da na yi mako ina bin sawu kafin a dawo mini da ɗaya. Jira minti goma, ka duba SMS, ka duba ragowar kuɗinka. SMS ɗin nan mai lambar shaidar biya shi ne rasiɗinka, kada ka goge shi. Kwafe lambar a littafi.

Ta biyu, cirewa daga kiredin waya. Wasu manhajojin sun ƙulla da kamfanin waya, suna cire ɗan kuɗi kullum ko duk mako daga kiredinka. Tana da sauƙin shiga, dannawa ɗaya ce. Amma a ce sefa 100 ne a rana, a wata ya zama 3,000, kuma ko ka karanta ko ba ka karanta ba za a cire. Mutum ya sa kiredi da daddare, da safe ya ga ya yi ƙasa, ya rasa dalili. Saƙon da ke zuwa ranar da ka shiga yakan faɗi yadda ake fita. Adana shi.

Ta uku, ta Play Store ko App Store ko katin banki, ita ce ta manhajojin ƙasashen waje. Tana buƙatar katin Visa ko Mastercard. In ba ka da asusun banki, akwai katin da ake zuba wa kuɗi a kashe, wasu bankuna na sayar da shi. Shi na fi so ma, don iyakar abin da ka zuba shi za a iya cirewa. In farashin da kuɗin Yuro ne, lissafin ba wuya, don sefa a ɗaure take da Yuro: Yuro 1 sefa 655.957 ne. A ce an rubuta 9.99, ka san kusan sefa 6,553 ke nan, ban da abin da banki zai ɗora. In dalar Amurka ce, farashinta na motsi, sai ka bar rara a katin.

Wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun, ya ba wani amintacce kuɗi a hannu ya biya masa da layinsa, amma a cikin asusun shi mai karatun, da imel ɗinsa, kuma biya na sau ɗaya, ba mai maimaita kansa ba.

Gargaɗin da ba na gajiya da shi: babu jaridar da za ta kira ka ta ce ka faɗi lambar sirrinka, ko ka karanto lambar da aka turo maka ta SMS "don a kammala rajista". Duk wanda ya kira da wannan magana, kashe wayar.

6. Tun a ranar, san yadda biyan zai tsaya

Abonema, wato biyan kuɗin karatu na wani wa'adi, iri biyu ne. Akwai wanda in wa'adinsa ya cika ya mutu da kansa, sai ka sake biya. Yawancin na MoMo haka suke. Akwai kuma mai sabunta kansa, kamar na Play Store da App Store da na kiredi. Shi wannan ba ya sallama, ranar ta zo zai cire. Gwajin kyauta na kwana bakwai ko na wata ma haka yake: in ya ƙare ba ka soke ba, ya zama na kuɗi.

Goge manhaja daga waya ba ya tsai da biya. Wannan na maimaita wa mutane har na gaji, amma har yanzu ana zuwa mini da kuka a kansa. A Android, buɗe Play Store, taɓa hotonka a sama, shiga Paiements et abonnements, sannan Abonnements, ka zaɓi manhajar, ka danna inda aka rubuta résilier ko annuler. A iPhone, shiga Réglages, taɓa sunanka, sannan Abonnements, kuma ka soke aƙalla awa 24 kafin ranar sabuntawa. A Play Store, in ka soke abin da ka riga ka biya, za ka ci gaba da karatu har kwanakinka su cika. Shi ya sa ni nakan soke a ranar da na biya, in wata ya ƙare in sake da hannuna in ina so. Rubuta ranar ƙarewa a littafi, ka kuma sa wa wayarka ƙararrawar tuni kwana biyu kafin nan.

7. Sauke bugun yau

Akwai bambanci tsakanin buɗe jarida da sauke ta. In ka buɗe kawai, kowane shafi sai ya jira rezo, kuma in ka dawo anjima zai sake cin data. In ka sauke, ta zauna a wayar, ka karanta ko a cikin motar Gidar, ko a ƙauyen da babu rezo ko kaɗan. Nemi alamar kibiya mai kallon ƙasa, ko kalmar Télécharger. Jira ta cika. Sannan ka gwada: kashe data, ka buɗe shafi na ƙarshe. In ya fito, ta sauka duka.

Lokacin da ya fi mini shi ne bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi layi ya cunkushe. In kana samun Wi-Fi a wurin aiki, saita manhajar ta riƙa saukewa da Wi-Fi kaɗai. Don sanin abin da take ci, shiga Paramètres, ka nemi lissafin data na kowace manhaja, ka duba kafin saukewa da bayanta. Jarida mai hotuna masu launi da yawa ta fi nauyi. Ka ninka abin da ka gani sau 22, ka san forfen, wato ƙunshin datar, da zai ishe ka a wata.

Wasu manhajojin na da saukewa da kansu kowace safiya. A wayoyin da muka fi riƙewa, tsarin tattalin batiri kan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, sai ka wayi gari ba komai. Ko dai ka cire ta daga jerin waɗanda ake takurawa, ko ka saba buɗewa da hannunka. Ni na biyun nake yi.

Mutanen bakin iyaka, ku kula. A Kusseri, Injamena na tsallaken Logon, waya kan kama layin Cadi ba ka sani ba. Haka a Fotokol da Amcide da layin Najeriya. Kashe itinérance des données, wato amfani da data a layin wata ƙasa, ka zaɓi layinka da hannu, kada saukar jarida ɗaya ta lashe maka kiredi. 'Yan'uwanmu na Cadi kuwa, matakan nan duka ɗaya ne, sai dai Airtel Money ko Moov Money za su zauna a madadin namu, sefar ma ɗaya ce.

8. Karatun kansa

Fuskar waya tafin hannu ce, shafin jarida kuwa faifai ne. In ba ka san dabarar ba, kwana uku za ka yi ka gaji ka bari.

Fuska biyu ake karatu da su. Ta farko ita ce shafin yadda aka buga shi. Ka ja da yatsa ka wuce shafi, ka buɗa yatsu biyu ya girma, ko ka taɓa sau biyu a kan ginshiƙin da kake so. Ta biyu, a manhajojin da ke da ita, ka taɓa kanun labari sai ya buɗe shi rubutu zalla, layi bayan layi daidai faɗin waya, ana kiran ta mode lecture ko mode article. A nan za ka ƙara girman haruffa yadda idonka ke so, ba sai kana jan shafi hagu da dama ba. Baffana da ya ga haruffa sun zama manya sai ya ajiye tabarau a kan tabarma, ya ce, "Ashe haka abin yake."

Yadda nake yi kullum: in bi shafuka duka da sauri a fuska ta farko, daga na ɗaya har na ƙarshe, ina lura da abin da ya shafe ni. Sannan in dawo in karanta labaran da na zaɓa a fuska ta biyu. Kada ka tsallake zagayen farko, domin fuskar rubutu zalla sau da yawa ba ta nuna tallace-tallace da jadawali da sanarwa, su kuwa su ne abin da ɗan kwangila da mai jiran sakamakon jarrabawar ɗaukar aiki ke nema.

Alamar madubin bincike na da amfani ƙwarai. Rubuta Bénoué, ko Diamaré, ko Mayo-Louti, ko sunan ma'aikatarka, ta kai ka inda kalmar ta fito. Amma kada ka dogara da ita ɗari bisa ɗari. Sanarwa da yawa a matsayin hoto ake manna su a shafi, bincike ba ya ganin rubutun da ke cikin hoto. Na taɓa neman avis d'appel d'offres, wato sanarwar kwangila, ta bincike, ta ce babu, da na bi da ido sai ga guda biyu a shafukan tsakiya. Tun ranar ido nake fara sawa.

In ka ga abin da kake buƙata, ɗauki hoton fuskar waya, ka tabbata kwanan wata da lambar shafi sun shiga ciki. Wasu manhajojin sun toshe ɗaukar hoto, sai ka ga baƙi. A nan biro zai yi aiki: sunan jarida, lambar bugu, rana, shafi, da wa'adin da aka bayar.

Ga wanda Faransancinsa bai nuna ba, in manhajar ta bari a kwafi rubutu, a zuba shi a Google Traduction a zaɓi Hausa. Zai ba ka gundarin labari. Amma doka, ko sanarwa mai wa'adi da sharuɗɗa, kai wa wanda ya iya ya karanta maka, don fassarar inji kan murɗe ma'ana a inda ba ka zata ba. Wasu manhajojin kuma na karanta labari da murya, abin da ke taimakon dattawan da ido ya yi rauni. Da dare juya fuskar ta koma baƙa da farin rubutu, ido ya huta. Da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, kada ka karanta waya na jone da caji, za ta yi zafi ta riƙa sanɗa.

Bari in faɗi wata magana da ke raina. Na san kowa na cikin wani zauren WhatsApp da ake jefo jaridu kyauta da safe. Ni ma na daɗe a irinsu. Abu biyu suka fitar da ni. Na ɗaya, ba ka da tabbacin abin da ka samu: wani lokaci shafuka sun ɓace, wani lokaci an taɓa shafin farko an sauya kanu, ya yi ta yawo kafin jaridar ta ƙaryata. Na biyu, wakilin da ya hau babur ya je Mora ko Mokolo ya ɗauko labarin da ba wanda zai ɗauko mana daga Yawunde, da kuɗin jaridar nan ake zuba masa mai. Jaridun da ke kula da Arewa ba su da yawa. In muka karanta duka ba wanda ya biya, ranar da suka rufe mu za mu fi kowa ji a jiki. Don haka abin da ka saya kada ka watsa shi a zaure. In wani labari ya burge ka, faɗa wa mutane sunan jaridar da shafin.

9. Share tsofaffi

Bugu kan bugu, wata biyu sun isa su cika ƙaramar waya. Duba cikin saitin manhajar ko akwai share tsofaffi da kanta bayan kwana 7 ko 30. In babu, duk Juma'a shiga Mes téléchargements ko Bibliothèque ka goge waɗanda ka gama. Bugun da ka saya ɗaiɗai galibi yana nan a asusunka, za ka iya sake sauke shi. Na abonema kuwa a wurare da yawa yana rufewa in biyanka ya ƙare, saboda haka abin da kake son ajiyewa ka kwafe shi tun da wuri.

In ka shiga saitin waya don rage nauyi, za ka ga Vider le cache da Effacer les données. Na farko ba ya cutarwa. Na biyu zai fitar da kai daga asusu, ya share duk abin da ka sauke.

10. In abu ya cije

An cire kuɗi, jarida ba ta buɗe ba. Fita daga asusun ka sake shiga, ka tabbata imel ɗin da ka biya da shi ne. In ta Play Store ko App Store ka biya, nemi Restaurer les achats a cikin manhajar. In duk bai yi ba, rubuta wa masu manhajar ta adireshin da ke sashen Contact ko Aide: lambar da ka biya da ita, rana da lokaci, adadi, da lambar shaidar da ke cikin SMS. Saƙo gajere mai waɗannan huɗun ya fi saurin samun amsa a kan dogon ƙorafi.

Manhaja ta ce ba ta iya haɗuwa, alhali WhatsApp na aiki. Dubi agogo da kwanan watan wayar. In batiri ya mutu ya daɗe, wasu wayoyin kan koma wata tsohuwar shekara, manhajar kuma ta ƙi yarda. Mai da su kan automatique. Ka kuma tabbata forfen da ka saya na intanet duka ne, don akwai masu arha na WhatsApp da Facebook kaɗai, ba sa buɗe jarida.

Ka sauya waya, ko an sace ta. Biyanka na cikin asusu, ba cikin ƙarfen wayar ba. Sauke manhajar a sabuwa, ka shiga da imel da kalmar sirrin da ke littafinka. Wasu na ƙayyade yawan wayoyin da asusu ɗaya zai hau, don haka in tsohuwar na hannunka, fita daga asusun a cikinta kafin ka sayar ko ka ba yaro. In sace ta aka yi, fara zuwa ofishin kamfanin layinka da katin ɗan ƙasa a rufe layin a ba ka sabon SIM mai lambarka, sannan ka sauya kalmar sirrin imel, daga baya ka dawo kan ta jarida.